Ga Yaya Habibu, Kan Zargin da Na Ɓoye Maka

Assalamu alaikum, Yaya Habibu.

Bayan gaisuwa ta girmamawa, Nasiru ne, abokin ɗakinka na unguwar Gubaira, nan ƙasar da muka zo ci-rani. Wata biyar ke nan da zuciyarka ta buga a wajen gini, muka kai ka maƙabartar Al-Ud. Har yau ban yi kuka ba. Ina tuƙi, ina ci, ina barci, kamar wani ne ke yi.

Akwai abin da ba ka sani ba. Lokacin da kafilina, ubangidan da takardun zamana ke hannunsa, ya gano ina neman canjin kafala zuwa wani ubangidan, ya hana ni hutun zuwa gida, kai na zarga, don kai kaɗai na gaya wa. Shekara biyu ina riƙe da kai. Kakan shigo da shinkafar kabsa a leda ka ce, "Nasiru, wanko hannu." Mu ci kwano ɗaya, ina kiranka munafuki a raina. Ban taɓa furtawa ba.

Bayan rasuwarka, kafilin da kansa ya gaya mini cewa mutumin da na nemi aiki wajensa ne ya buga masa waya. Yana dariya ma ya faɗa. Na ce to, na tayar da mota.

Na ba wani likita ɗan Zariya da nake kaiwa aiki labarin. Ya ce ya yi karatu a ƙasar waje wurin wani malami Bayahude, wanda ya gaya masa cewa a koyarwarsu, duk wanda ya zargi mai gaskiya sai ya nemi gafararsa, ya kuma yi masa addu'ar alheri. In ya rasu, sai ya tara mutum goma a kabarinsa ya amsa laifinsa a gabansu. Likitan ya ce mu ma ai a addininmu haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe.

Ranar Juma'a bayan la'asar na je Al-Ud ni kaɗai. Ka san kaburburan nan ba suna. Na kasa gane naka. Na tsaya a layin da nake zato, na juyo gida ban nemi gafararka ba.

Shi ya sa na rubuta a wannan shafin, inda mutanen Gubaira da na gida za su karanta. Na zalunce ka, Yayana. Ba abin da ka taɓa yi mini sai alheri. Ka yafe mini.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya raya 'ya'yanka. Ni kuma ya ba ni ikon yi maka kuka.

Ƙaninka,
Nasiru