Gemun Auduga

Asabar, 14 ga Disamba

Bana ma ni aka saka wa jar riga a bikin yaran gonar rake. Wai tumbina ne ya dace. Ga zafi, ga gemun auduga yana ta shiga mini baki.

Tsarin bai canja ba: kowane uba ya naɗe wa ɗansa kyauta a ɓoye, ya rubuta suna, ya kai kulob ɗin ma'aikata, inda ake bikin. Ni kuma Baba Kirsimeti, in zaro daga buhu in kira suna. Mu ma'aikatan dindindin mun san haka. Masu saran rake da ake ɗauka na 'yan watanni, ba wanda ya tuna ya gaya musu.

Buhu ya ƙare, sai ga Choolwe, ƙawar 'yata Miyanda, tsaye ita kaɗai a gabana da sabon kitso. Ubanta mai sara ne. Manyan gona na zaune a gaba, sun zuba mini ido. Na laluba buhu, na sake lalubawa. Sai na ji bakina ya ce da ƙatuwar murya, "Ki gyara halinki, baɗi zan zo miki da naki!"

Aka kwashe da dariya, har da tafi. Yarinyar ta rusuna ta ce, "To."

Lahadi, 15 ga Disamba

Ban ji ko kalma ɗaya daga wa'azin fasto ba.

Talata, 17 ga Disamba

Choolwe ta zo ƙofa da igiyar tsallake. Daga ɗaki na ji Miyanda tana cewa, "Ni ba na wasa da marasa hali."

Maman Miyanda ta ajiye mini tuwon masara da ƙarfi har miya ta fantsama. "Baban Miyanda, ka ji aikin bakinka? Ƙato da kai, ka rasa wanda za ka ɗora wa kunyarka sai 'yar mutane."

Na ce laifin kwamitin bikin ne. Kuma laifinsu ne mana! Amma na ture tuwon gefe.

Laraba, 18 ga Disamba

Na haɗu da uwar Choolwe a bakin famfo. Ta gaishe ni da ladabi, ba ta san ni ne cikin rigar ba. Wai yarinyar ta zama wata iri, shara tun da asuba, ɗiban ruwa ba a aike ta ba, sai tambaya take, "Mama, me na yi?" Sara ya ƙare, ranar Asabar babbar mota za ta mai da su ƙauye.

Na ce, "Yara ke nan." Wannan kawai na iya cewa. Tir da ni.

Alhamis, 19 ga Disamba

Da na dawo aiki na kira Miyanda bayan gida, na ciro gemun daga leda. Shekararta tara, ai ta isa ji. Na yi ta kame-kame: babu wani tsoho mai zuwa daga ƙasar ƙanƙara, iyaye ne ke saye, 'yar tsanarta ma uwarta ce ta naɗe. Ina jiran kuka.

Ta ce, "Baba, ai na san kai ne. Wa ke da irin tarinka?"

Har na fara murmushi, na ji sanyi a raina. Sai na ce, to me ya sa ta kori Choolwe?

"Ai kai ka ce ba ta da hali. Kai kuwa ba ka ƙarya."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na gaya mata ba abin da Choolwe ta yi, ba a gaya wa ubanta ba ne, ni kuma na ji kunyar manya na yi ƙarya. Ta daɗe tana kallona, sannan ta tashi ta shige ɗaki. Ba ta zo zuba mini ruwan wanke hannu ba.

Juma'a, 20 ga Disamba

Mun je layin masu sara, cikin ruwan sama. Miyanda ce ta riƙe ledar gemun, tana gaba ina biye. Su Choolwe sun riga sun ɗaure kaya. Na zauna a kan bokiti na faɗi komai a gaban uban, wanda bai ɗago kai ba har na gama.

Choolwe ta shafa audugar da yatsa. "To ban yi laifi ba?"

"Ko kaɗan, 'yata."

Ta ɗago ta dube ni. "To baɗi ba wanda zai zo mini?"

Wannan kam ban shirya mata ba. Ashe duk sharar nan da begen baɗi take yi, ga shi na zo na ƙwace shi ma. Sai Miyanda ta ce, "Babana zai zo." Ni take kallo, ba ita ba.

Asabar, 21 ga Disamba

Motar ta tafi. Miyanda da Choolwe sun yi ta ɗaga wa juna hannu har ta sha kwana.

Laraba, 25 ga Disamba

Shinkafa da kaza, gida cike da dangi. Miyanda ta zuba mini ruwan wanke hannu, amma ba ta yi dariyar labarina na kada ba, wanda da take roƙo in maimaita. Yanzu in na yi magana sai ta ɗan tsaya tukuna kafin ta yarda.

Jiya na mai da rigar kulob. Na zuba 'yan ƙunshe-ƙunshe a gindin buhun saboda baɗi, ba suna a jikinsu sai guda ɗaya, na Choolwe. Na kuma tambayi direban motar sunan ƙauyen nasu. Ba wani abu ba ne, hanyar kawai nake so in sani.