Akwati na Shida

Litinin, 3 ga Yuni, 2013

Yau awa biyu na yi ina kallon ƙadangaru suna cin mutane, kuma wai aiki ne. Fim ɗin dainoso aka kawo tasharmu, za a sa shi Lahadin 16, ƙarfe huɗu, lokacin iyali. Mu uku muka zauna kamar kullum: ni, Oga Nababa da Malam Enoch edita. Fom ɗinmu akwati biyar ne: jini, tsiraici, zagi, shaye-shaye, tsafi. Ni ke riƙe agogo. Jini daƙiƙa goma sha ɗaya duka, ƙa'ida ta yarda da ashirin. Sumba ɗaya, muka yanke, don ita ce ke sa a cika mana waya da wa'azi. Mutum shida dabbar ta haɗiye, wannan ba mai bugowa a kai.

Na sa hannu, Oga ya sa. Malam Enoch ya tashi ya fita tun fim bai ƙare ba, ya bar kujera tana juyi.

Talata, 4 ga Yuni

Ya ƙi sa hannu. Wai minti na sittin da biyu. Na koma na duba: uba da 'yarsa sun ɓuya cikin ciyawa, dabbar tana shinshina a kansu, uban ya toshe wa yarinyar baki da tafin hannu. Minti uku cur. Ba jini, ba ihu, ba wanda ya mutu ma. Na ce Malam, wane akwati zan cika? Ya ce, "Madam Nazeefa, fom ɗin ne ba shi da ido." Yana so a karanta gargaɗi kafin a fara. Shi ya sani sarai fim mai gargaɗi sai bayan tara, kuma masu tallan taliya ƙarfe huɗu suka nema.

Shekara shida ina aiki da mutumin nan, ko ƙarar biro ba ya yi. Sai a kan ƙadangare ya tashi nuna mana yana da rai.

Alhamis, 6 ga Yuni

Oga ya kira mitin na minti biyar wanda ya ci awa guda. Ya ce ko hannu uku a kan fom zuwa Juma'ar sama, ko Enoch ya karɓi kwiri, wato takardar tuhuma, har da takardar tafiya, don akwai yara masu digiri a bakin get suna jira. Saura shekara biyu mutumin ya yi ritaya da mutuncinsa.

Na bi shi ɗakin yanka fim. Na yi lallashi, na yi faɗa. Ya ce 'yarsa tana kallon tasharmu duk Lahadi, tana jiran sunansa ya fito a ƙarshe. Na ce to ka kashe mata talabijin mana, ko NEPA ta yi maka aikin. Ya ɗago ya dube ni. "Ita kaɗai ce a Abuja?" Ban gane ba, kuma gaskiya ban nemi ganewa ba, yunwa nake ji.

Haushi ya sa na wuce kwanar gidanmu a Gwarinpa, sai da na zagayo.

Asabar, 8 ga Yuni

Na je Kado sayen kifi. Ashe matar Malam Enoch, Perpetual, a can take da tebur. Ita ta gane ni. Ta zaɓo min tarwaɗa masu rai, tana ta tsiya wai matan ofis ba mu san kifin jiya da na yau ba.

Yarinyar tana nan, Janet, shekara bakwai, tana shan mangwaro ya ɓata mata baki. Na zaro hankici na miƙa hannu zan goge mata, yadda zan yi wa 'yata Fadima. Kafin in taɓa ta ta shige ƙarƙashin tebur, cikin ruwan kifi, ta dunƙule. Ba ta yi kuka ba. Ni dai na tsaya da hankici a hannu kamar wawiya.

Perpetual ta ce kar in damu, da irin Hausarta mai mayar da mace namiji. "Ba ya yarda a taɓa mashi baki, ko ni uwan shi. Da kanshi yake wanke fuska." Sai ta ba ni labarin a gutsure, tana fere kifi. Shekara uku da suka wuce Enoch ya kai yarinyar ƙauyensu a bayan Jos. Aka shigo garin da bindigogi. Ya ɗauke ta ya faɗa gonar masara, ya toshe mata baki har gari ya waye, mutanen suna wucewa kusa da ƙafarsa. Wata takwas ba ta yi magana ba. Shi kuma har yau ba ya cin masara.

Na ce Allah ya kyauta. Na taho na bar kifin a tebur, sai da ta biyo ni da shi.

Duk da haka ai sai ya faɗa. Mutum ya zauna da abu a ciki ya bar ni ina ta zuba kamar rediyo.

Litinin, 10 ga Yuni

Ban iya haɗa ido da shi ba. Shi kuwa ya gaishe ni kamar kullum, abin da ya ƙara ba ni haushi.

Laraba, 12 ga Yuni

Ina dawowa, ko mayafi ban cire ba, Oga ya bugo. Yana so gobe in rubuta cewa ni da shi mun duba minti na sittin da biyu ba mu ga komai ba, don a haɗa da kwirin Enoch. Fadima tana jan zanina tana rera waƙar makarantarsu da iya ƙarfinta. Ban ma yi tunani ba, na sa hannu na rufe mata baki, ina cewa to Oga, to ranka ya daɗe.

Numfashinta mai ɗumi yana bugun tafin hannuna. Ta zuba min ido. Ita wasa ta ɗauka, tana dariya a ciki. Bai fi rabin minti ba, amma na ji hannun ya yi min nauyi kamar ba nawa ba. Shi kuwa Malam Enoch daga dare har asuba.

Ban ci tuwon ba. Na ce wa Umma ciwon kai ne, ta ce dama tunda na fara aikin kallon dodanni ta san za a zo nan.

Juma'a, 14 ga Yuni

Na karɓo fom daga sakatariya na ce zan gyara kwanan wata. Na soke sa hannuna. Na ɗauki rula na ja akwati na shida a ƙasan tsafi, ya ɗan karkace. Na rasa sunan da zan ba shi, na rubuta "ɓuya".

Oga ya yi tsalle ya dire. Ya ce ni da yake gani mai hankali. Na ce ai ƙa'ida ce, ba ni na rubuta ta ba: in biyu suka ƙi, fim ba ya fita. Ya yi waya da masu taliya, ƙofa a rufe, muna jin "please, please" daga waje. A ƙarshe fim na nan ƙarfe huɗu, amma da gargaɗi na daƙiƙa ashirin, da sharaɗin kar a kira shi gargaɗi, a ce sanarwa. An fasa sallamar Enoch. Kwiri kuwa biyu aka buga, ɗaya da sunana, har an yi kuskuren harafi a ciki.

Mai karanta sanarwa ya tafi masallaci bai dawo ba, ni aka tura sitidiyo. Malam Enoch ne ya ɗauki muryar. Sau huɗu yana sa ni maimaitawa, wai ina sauri kamar mai tallan magani. Ko na gode bai ce ba. Ni ma ban nema ba.

Lahadi, 16 ga Yuni

Ba don shi na yi ba, fom ɗin ne ya tsufa.

Huɗu daidai muryata ta fito: "A cikin wannan fim akwai inda uba yake ɓoye 'yarsa, ya rufe mata baki. Wanda ya taɓa ɓuya don tsira da rai, ko yake zaune da wanda ya taɓa, ya sani tun yanzu." Muryar ba daɗi, kamar mai mura.

Rabin farko kawai na ji. Fadima ta hau kujera tana ihu ga Mama a talabijin, ga Mama a talabijin. Umma ta ce in rufe wa yarinyar nan baki mu ji. Hannuna har ya tashi.

Na mayar da shi cinya. Na ce a bar ta, ai na san abin da na faɗa.