Kajin da Ka Kai wa Gwaggo Barira

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Yayana Iliyasu, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali, Ya tsare ku a wannan Fatakwal mai nisa, Ya sa albarka a nemanka. Mu nan ƙalau muke. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana leƙawa maƙwabta da sandarta. Baba kuwa yana nan da rediyonsa, kullum sai ya yi faɗa da farashin masara kamar mai karanta labarai na jin sa.

Yaya, godiya ce ta sa na ɗauki biro. Ka tuna zuwanka na Babbar Salla, da ka leƙa ɗakin kajin ƙungiyarmu, mu matan nan bakwai, ka tarar muna auna musu abinci da gwangwani saboda tsada? Ka ce mu rage musu yawa, mu kai wa Gwaggo Barira wasu kiwo can Watari, tunda akwai dusa da ganyen lambu, ita ma ta sami abin ɗebe kewa. Ranar har na ce maka ka zo mana da dabarar 'yan birni. Ka yi dariya, ka ɗauko waɗanda ba su fara ƙwai ba, ka loda su a a-daidaita-sahu da kanka. To, saurari abin da ya biyo baya.

Abinci ya ci gaba da tashi, dillalan ƙwai kuma suka riƙa taya mana kiret yadda suka ga dama, don sun san ƙwai ba ya jira cikin zafi. Sai muka kai tsofaffin kaji kasuwar Ɗambatta, ba su ƙare ba, muka dawo da ragowar muka mayar cikin 'yan'uwansu. Ashe ciwo suka kwaso. Kafin mako ya zagayo sun fara zubewa. Ka san halinmu, da aka ji labari sai gida ya cika da 'yan jaje, kowacce sai ta shiga ɗakin ta gani da idonta, ta riƙe haɓa, daga nan ta wuce gidan Maijidda inda ɗakinmu na biyu yake, ta shiga ta yi musu addu'ar tsari. Da malamin dabbobi ya zo, ya ce a takalmanmu muka kai ciwon. Wallahi na yi kuka, Yaya. Zumunci muka yi, shi ya ƙarasa mana kajin.

Kowa ta ji jiki, amma ba kamar Maijidda ba. Ka san ta, matar marigayi Basiru. Da ƙwan nan take ciyar da marayunta uku. Ta zo ta same ni ta ce ta gama shawara, za ta raba yaran ga dangi ta tafi Kano aikatau, har ta ɗaure kayanta. Sauran mata ma suka ce a watse kawai, kowa ta kama gabanta.

Sai na tuna Watari. Na tafi ina tsoron ko ciwon ya kai can, don 'yan jajen nan har can suna da dangi. Na tarar da Gwaggo zaune a ƙofar ɗakin kajin da muciya a hannu. Ashe tun da ta ji labari ta hana kowa shiga, har ta ɓata da rabin unguwa. Ni ma sai da ta sa na tuɓe takalma a zaure, na wanke ƙafa, sannan ta ce in leƙa ta taga, wai idona ya ishe ni. Yaya, duk suna nan, sun yi ɓul-ɓul, ba wadda ta ko yi tari. Wannan faɗan na Gwaggo da muke gudu tun muna yara, ranar ji na yi kamar in goya ta. Na tambaye ta rabonta na kiwo, ta ce in rufe mata baki, ita ba da 'ya'yan ɗan'uwanta take ciniki ba.

Mun bar su a wurinta har ɗakunanmu su huce. Mun kuma yi doka, mai jaje ta tsaya a tsakar gida, ko uwar wa ce. Shekaranjiya suka fara ƙwai. Maijidda ta je Watari ta karɓo na farkon, ta zo da shi a gefen zaninta, ta ce lallai a aika maka. Na ce mata ƙwai ba ya zuwa Fatakwal. Sai muka dafa wa autarta, ta cinye da sunanka, tana lasar yatsu. Maijidda ta kwance kayanta, Yaya. Yaran suna ɗakin uwarsu. Allah Ya saka maka da alheri, Ya jiƙan mahaifin marayun nan.

Ka gaishe da Anti Zulaihatu da su Tasi'u da Fanta. Inna da Baba suna sa maka albarka. Gwaggo ta ce in ka tashi zuwa, kai ma a zaure za ka bar takalmanka.

Taka ƙanwa,
Hussaina