Abin da Ta Faɗa a Kaina da Turanci

Asabar, 11 ga Oktoba

Yau a wajen suna a gidan Alhaji Mala, ina tsakar raba wa mata waina, wata ta dafa kafaɗata ta ce, "Talatu, ashe 'yarki ta ambace ki a talabijin!" Duk aka juyo ana kallona. Na ce wace 'ya, ni 'ya'yana da yawa. Suka kwashe da dariya, wai har yau kunyar 'yar fari ba ta sake ni ba.

To me zan ce? Ita ce ta farin. Bakina bai taɓa kiran sunanta ba, a takardar nan ma hannuna ba zai rubuta shi ba. Ana yaye ta uwar mijina Malam ta ɗauke ta zuwa Kafin Hausa, sai da ta yi wayo ta dawo hannuna. Yanzu tana Abuja da mijinta da yaranta, duk Litinin ana zaunar da ita a wani gidan talabijin tana sharhi kan tattalin arziki, da Turanci zalla.

Matar da ta ba ni labarin ma ba ta san me aka ce a kaina ba. Mijinta ne ya ji.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Na shiga gidan Ya Zainaba da sunan aron rariya, alhali biyu ne a rataye a madafina. Ya Zainaba dai katanga ce ta raba mu. Darasin tattalin arziki ta koyar a sakandaren 'yan mata har ta yi ritaya, kuma ita ta koyar da yarinyar. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Zauna, na san rariyar da kike nema." Ta lalubo shirin a wayarta.

Uwata. Haɗejiya. Shinkafa. Iyakar abin da na tsinta ke nan. Turancina na aji biyu na sakandare ne, ya ishe ni karanta katin asibiti, amma wannan wucewa yake kamar ruwa a ƙarƙashin gada.

Amma zaman nata! Maza biyu da kwat sun saka ta a tsakiya, ita da mayafinta ruwan toka. Ɗaya ya so ya katse ta, ta ɗaga yatsa ɗaya kawai, ya haɗiye maganarsa. Ni ce na haifi wannan?

Na ce Ya Zainaba ta fassara min. Ta ce ba za ta tauna ta zuba min a baki ba. In ina so, in riƙa zuwa bayan la'asar har in ji da kunnena.

Laraba, 15 ga Oktoba

Kalmar farko: infileshan. Yadda nake jin su haka zan rubuta su.

Matar nan muguwar malama ce. Ba ta ba ka ma'ana sai ka kawo mata misali daga ɗakinka. Ta ce in tuna ƙullin man gyaɗan da nake saya shekarun baya da wanda nake saya yanzu. Na ce ƙullin ne ya rame. Ta tafa ta ce hauhawar farashi ke nan, na ci. Na ce ashe cutar da muka daɗe muna fama da ita ce aka raɗa wa suna a Turai. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

Litinin, 20 ga Oktoba

Sabsidi na riga na sani, wa bai san shi ba tun da aka cire na mai. Fachesin fawa, ƙarfin saye. Wannan ya ba ni wuya, harshena ya ƙi.

Juma'a, 24 ga Oktoba

Yarinyar ta kira kamar kullum Juma'a. Lafiya, lafiya. Ya Baba, ya ƙafarki, an fara yankan shinkafa? Na ce an fara. Ta ce to a gaida mutan gida.

Ina riƙe da wayar bayan ta kashe. Ƙannenta in sun kira sai kunnena ya yi zafi da surutu. Ita kuwa kamar muna gaisawa a layin asibiti.

Talata, 28 ga Oktoba

Inikwaliti. Ya Zainaba ta ce wannan ce uwar kalmomin yarinyar, ba ta yin shiri ba ta ambace ta ba. Rashin daidaito, wato tazarar da ke tsakanin mai shi da mara shi. Da na buɗe baki zan ce ai arziki na Allah ne, ta ce ba ta musa ba, amma in gaya mata: shekarar da ruwa ya ci fadama, ya ci gonar Malam ya ci ta masu manyan gonaki, wa ya sake shuka da rani, wa ya zauna? Na ce masu injin ban-ruwa da abin sayen iri suka shuka. Ta ce to ambaliya ɗaya ce, tashin ne ba ɗaya ba.

Na dawo gida ina juya shanshera, shinkafar da ba a casa ba, a kan tabarma ina ta tunani. Wallahi matar nan da a wata ƙasa take da an gina mata makaranta da sunanta. Ga ciwon suga ga gwiwa, amma in ta kama bayani sai ta manta da sandarta.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Malam ya shigo yana cire takalmi, kamar da bango yake, ya ce wai an ce yarinyar nan ta yi magana kan tsadar taki. Ban tambaye shi wa ya ce ba.

Ya Zainaba ta ce duk Litinin ana ganinsa a bakin shagon Fatihu mai gyaran injin ban-ruwa, inda ake kunna talabijin. Wai jiran gyara yake. Injin da na san lafiyarsa ƙalau yana jingine a zaure.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Yau na ji. Mun koma shirin nan na farko, tana tsayarwa ina faɗa, tana mayarwa ina sake ji, har ya fito min sarai.

Cewa yarinyar ta yi uwarta ta ƙarar da ƙuruciyarta a gaban wuta tana turara shanshera, tana shanyawa, tana kaiwa inji. Amma duk kaka dole ta sayar da wuri da araha, saboda ba ta da kafital, wato jari, ba ta da rumbun da za ta ajiye ta jira. Masu sito su saya su kulle, su fito da ita da bazara. Ta ce in an ga irin uwarta ba su ci gaba ba kada a ce rashin himma ne, don ita ba ta taɓa farkawa ta tarar da uwarta a kwance ba.

Farko raina ne ya ɓaci. A gaban duk Najeriya, a ce ba ni da jari! Na tashi ko sallama ban yi ba.

Sai da nake rufe kaji maganar ta ƙarshe ta dawo min. Yaushe ta lura? Ni da ko kallon kirki ba na yi mata a gaban mutane. Na tsaya a bakin akurki na yi kukana, na share fuska na shiga na ɗora tuwo.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Ban je ba kwana biyu. Ya Zainaba ta aiko da rariya wai tawa ce, alhali ban taɓa ba ta aro ba. Na koma.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Fuskar Ya Zainaba ba daɗi yau. Ashe tun shirin da aka ambace ni ake zagin yarinyar a ƙarƙashin bidiyon. Wasu na cewa ta tona asirin iyayenta don neman suna, wasu na cewa me mace ta sani a harkar kasuwa. Ta kira malamarta jiya tana kuka. Wai zagin bai dame ta ba. Abin da ya dame ta, ta san labari ya iso gida, kuma Inna ba ta ce mata uffan ba. Wai ta san kunya ta ba ni. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aikin.

Na ce ki gaya mata ina zuwa nan kullum mana. Ta zare tabarau ta ce, "Ni ba 'yar aikenki ba ce, Talatu. Bakin da ya iya fachesin fawa zai iya wannan."

Ba zai iya ba. Uwata ba ta taɓa yabon yayanmu a gabansa ba har ta koma ga Allah, kuma ba wanda ya ce ba ta son sa. Haka muka tashi. In ce mata me, kin burge ni? Ƙasa ta tsage in shige tukuna.

Juma'a, 14 ga Nuwamba

Ta kira. Na ce an gode Allah, ƙafa da sauƙi. Shi ke nan abin da ya fito.

Talata, 18 ga Nuwamba

Shirin jiya kan saukar farashin abinci ne. Na ji fiye da rabi ba a tsayar min ba. Wani mai gemu ya ce talaka ya samu sauƙi, ita kuma ta bi shi dalla-dalla, ba hayaniya, ba raini, har ya koma gyaɗa kai. Ta rame. Mayafin ma kamar ya yi mata yawa.

Wani abu ya tsaya min a rai. Malam ya sayi taki da tsada, ga shanshera ta faɗi a kasuwa, jiya ko tuwon kirki bai ci ba. Na birni suna murna, mu muna zaman makoki. To inikwalitin raguwa ya yi, ko tashi ya yi daga gidan wani ya koma gidan wani? Na tambayi Ya Zainaba. Ta ce ita ta yi ritaya, wannan ya fi ƙarfinta. Ƙarya take yi, na ga bakinta yana motsi.

Juma'a, 21 ga Nuwamba

Yarinyar ta kira Malam na zaune a wurin, ban iya yi mata tambayar ba. Saura Juma'a ɗaya wata ya ƙare ta ajiye aikin.

Juma'a, 28 ga Nuwamba

Na shiga ɗaki na turo ƙofa kafin ta kira. Muka gaisa. Da ta ce to a gaida mutan gida, na ce tsaya, ina da tambaya. Na zuba mata ita yadda take, takin Malam da faɗuwar shanshera da duka. Har kalmar na faɗa, ta fito a karkace amma ta fito. Na ƙara da cewa mai gemun nan na makon jiya ba a ba shi amsar wannan ba.

Na duba wayar ko kiran ya katse. Can ta ce, "Inna, kina kallo?" Na ce wayar Ya Zainaba ce mai ƙara, ana ji ta katanga. Ta yi wata irin dariya, ina jin tana jan hanci. Ta ce tun yaushe? Na ce ni dai tambaya na yi, in babu amsa a ce babu.

Ban yabe ta ba, Allah shaida ne. Tambaya ce kawai, kowa ma zai iya yi.

Ta ce amsar tana da tsawo, ba za ta yiwu a waya ba, sai dai in saurari shirin Litinin.

Na duba kalandar bango. Litinin ɗaya ga sabon wata ce.