Kafin wanzami ya taɓa jinjirar

Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina iyali, ya zaman Kwatano? Mu lahiya lau, ban da jinjirarmu.

Bayan suna, gadon bayanta ya yi dunƙule-dunƙule jajaye masu tauri. Lokotoro a asibitin Keita ya ce kitse ne ya daskare ƙarƙashin fata saboda wahalar haihuwa. Ya ce kada a taɓa, a dinga kawo ta awon jini. Kitse a gidana, ni da iska ke kayarwa!

Amma Inna ta kira wanzami, Juma'a zai tsaga. Na hana, ta ce, "Kai da aka koro daga lakwal ba ka gama boko ba, yau ka zama lokotoro?"

Don Allah kira ta kafin Juma'a, maganarka kaɗai take ji. Ka gaida yara, ku sa ɗiyar nan cikin addu'a.

Ƙanenka,
Idi