Masaukin Salihu

Nuzla, Jidda
11 ga Safar, 1394

Zuwa ga Gwaggona Dela, a Madani,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya. Ya ƙafar taki, ya mutan gida, ya zafi? Ki gaishe min da ƙawayena na layinmu, ki ce musu ina da labarin wata 'yar Madani da ta zo nan ta manta Hausa cikin wata uku, amma ba zan faɗi sunanta ba sai sun rubuto min. Ni kaɗai nake ta ƙarar da biro. Mu nan lafiya lau, Baban Zakiya yana gaishe ki, Zakiya kuma haƙoranta huɗu, kowa ta samu cizo.

Gwaggo, wasiƙarki ta iso ranar Talata. A madafa na ɓuya na karanta ta tunda kin ce kar kowa ya gani. Ashe taubashina Salihu ne zai zo Jidda aikin ɗinki! Salihun da nake goyawa yana min fitsari a baya, yau shi ne tela mai kafili, wato ubangidan da ya tsaya masa, a Balad, can tsakiyar gari. Ki ce masa ya shirya, sabuwar riga zai min kyauta.

Kin ce in nema masa masauki a unguwa mai aminci, tunda mu ɗakinmu ɗaya ne tal. Kuma kin rantsar da ni kar in gaya wa kowa zancen farfaɗiyarsa, ko da Baban Zakiya ne. Na rantse, Gwaggo. Ban manta ranar da ta kayar da shi a bakin kogi ba, mutane suka watse suna cewa kar yawunsa ya taɓa su, ke kaɗai kika durƙusa a kansa. Na san abin da kike gudu.

To kwana huɗu muna yawo ni da Baban Zakiya. Balad muka fara zuwa tunda nan shagon yake. Ɗakin yana da kyau wallahi, ga iskar teku, amma hawa na huɗu ne, matakalar kuma siririya ga duhu, kowane taki da tsayinsa daban. Kuma samarin gidan duk a saman rufi suke shimfiɗa saboda zafi, katangar wurin ko gwiwata ba ta kai ba. Na leƙa ƙasa na ja da baya. Na ce a'a. Baban Zakiya ya ce me ya yi? Na ce warin kifi yake. Ya dube ni ya ce wai shi Salihun nan ƙwai ne?

Nuzlarmu kuwa ba ta yiwuwa. Na farko, lungunmu na masu iyali ne, ba a ba azzabi ɗaki, wato wanda bai da mata. Dokar dattawan lungu ce, ko ɗan wa kake. Na biyu, mutanenmu ne cike, daga 'yan Madani har waɗanda aka haifa nan tun kakanninsu. In ka yi tari da safe, kafin azahar an aiko maka da magani kala uku. Nan asiri ba ya kwana.

Sai Waziriyya. Sabon wuri ne can kudu, gidaje ɗai-ɗai, shiru kamar an yi ruwa an ɗauke. Mun sami ɗaki a ƙasa, ba matakala, ba rijiya, da ƙofarsa ta kansa mai sakata. Mai gidan wani dattijo ne Bayamane, ya ce shi ba ya shiga harkar kowa. Babu Bahaushe ko ɗaya a layin. Na ce halas, magana ta ƙare, abin da Gwaggo take so ke nan. Mota ɗaya ce zuwa Balad.

Ki sa masa yaji da busasshiyar kuɓewa a kaya, ta nan ba ta da yauƙi. Ki kwantar da hankalinki.

Taki,
Mastura

Nuzla, Jidda
20 ga Rabi'ul Sani, 1394

Gwaggona,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya da kowa da kowa. Mu ma da sauƙi. Gwaggo ki zauna tukun kafin ki ci gaba, kuma ki fara da sanin Salihu yana raye, yana ci yana sha, yanzu haka ga shi can kan tabarma yana min tsiya wai rubutuna kamar kaza ta bi ta kan takarda.

Na san ya rubuto miki cewa ya sauka lafiya, iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta fito, kafilin yana yaba hannunsa. Duk gaskiya ne. Wata biyu komai daidai. Duk Juma'a bayan masallaci yana zuwa mana cin tuwo, ya cinye rabon mutum biyu ya ce miyata ba ta kai taki ba.

Juma'ar da ta wuce bai zo ba. Na rufe masa tuwonsa, aka yi la'asar shiru. Baban Zakiya ya ce ki bar yaro mana, ya yi abokai. Ni kuwa zuciyata ta ƙi. Na ɗauki mayafi na ce yalla mu je, in ba ka zuwa ni kaɗai zan tafi.

Mun sami ƙofa a rufe ta ciki da sakatar nan da na yi ta murna da ita. Muka buga, muka buga. Can muka ji muryarsa ƙasa-ƙasa. Baban Zakiya ya sa kafaɗa ya ɓalle ƙofar. Gwaggo, tun ranar Alhamis da safe ne. Ya kunna dafur, irin rishon nan na kananzir, ya ɗora ruwan shayi, abin ya zo masa. Ya faɗi ya bugi butar, tafasasshen ruwa ya kwarara masa a hannun hagu tun daga gwiwar hannu har yatsu. Allah ne ya sa ruwan ya kashe wutar. Da ya farfaɗo ga zazzaɓi ga ciwo, kansa ya fashe a gefe, ya kasa miƙewa. Yini biyu yana kwance a ƙasa.

Na tambayi mai gidan, ba ku ji komai ba? Ya ce ya ji faɗuwar abu, ya kuma ji kamar nishi, amma ba mutunci ba ne a buga wa baligi ƙofa ba dalili. Ban ga laifinsa ba. Abin da na zaɓe shi dominsa ke nan, shi ya yi.

A asibiti likita ya tambaya ko yana da wata lalura. Baban Zakiya ya shiga kallonmu ni da Salihu ɗaya bayan ɗaya. Sai na fashe da kuka na faɗa. Likitan ya ba shi wasu ƙwayoyi na kullum, ya ce suna rage ta sosai amma ba lallai su hana ba, kuma kar ya ƙara zama shi kaɗai da wuta. Yatsun za su warke, zai yi ɗinki insha Allahu.

A hanyar dawowa Baban Zakiya bai min faɗa ba, da ma ya yi da ya fi min sauƙi. Cewa kawai ya yi, Mastura, da ni aka je aka zaɓa masa kabari ban sani ba.

Yanzu yana wurinmu, Baban Zakiya yana kwana a shagon da yake aiki. Amma ba mai ɗorewa ba ne, har an fara tambaya a lungu baƙon nan yaushe zai koma. Waziriyya dai ba zai koma ba ko za a yanka ni. Ban san yadda zan yi ba tukun. Ki yi mana addu'a.

'Yarki,
Mastura

Nuzla, Jidda
25 ga Jimada Ula, 1394

Gwaggona ta kaina,

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya haƙuri da mu? Amsarki ta iso, na ga inda hawaye ya ɓata tawada. Kin ce ko dai a dawo miki da shi, ko a nemi wani wuri mai shiru amma dai kar mutanenmu su ji. Gwaggo, ki yafe ni, duka biyun ban yi ba. Bari in ba ki labari daga farko.

Na karanta wa Salihu zancen komawa. Ya ce in ya koma Madani me zai ce ya dawo da shi? Kuma can ɗin ma a ɓoye yake zaune. Ya ce shekara goma sha tara yana lissafin inda zai faɗi kar a gan shi, ya gaji.

Akwai wata tsohuwa a lungunmu, Hajja Fatsuma mai gyaɗa. Nan aka haife ta, Hausarta rabi Larabci ce, bakinta kuwa ko reza. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun watse Makka da Ɗa'if, tana da ɗaki a zaure ba kowa ciki. Hanya ɗaya ce azzabi yake shiga lungun nan, sai in wata uwa ta tsaya ta ce ɗanta ne, dattawa kuma su yarda da dalilin. Na je na same ta tana suya. Na fara kame-kame, wai maraya ne, wai Waziriyya da nisa. Ta ce ya binti, ni na haifi tara, ƙarya ba ta wuce ni, me ke damun yaron?

Na faɗa mata. Ina faɗa ina kallon ƙafarta ko za ta ja baya. Ko motsi ba ta yi ba, sai juya gyaɗarta take. Ta ce wannan ne kike ta murɗe-murɗe a kai? Wai marigayi mijinta shekara talatin yana da ita, da gefen mayafinta take share masa baki, ga ta nan ba ta ɗauka ba sai dai ƙiba. Ta ce a kawo shi.

Saura dattawa. Suna da mirkaz, wasu dogayen kujeru a bakin lungu inda suke zama bayan la'asar, babbansu Amm Othman. Baban Zakiya ya kai Salihu, ni da Hajja muna bayan ƙyaure muna saurare. Amm Othman ya ce su ba su ƙi baƙo ba, amma akwai 'yan mata a gidajen nan, me ya sa wannan saurayin ba zai zauna inda samari suke zama ba? Baban Zakiya ya buɗe baki, sai Salihu ya riga shi. Ya kwance ƙyallen hannunsa ya nuna musu, ya ce, Baba, farfaɗiya gare ni, in na zauna ni kaɗai wata rana gawata za a fasa ƙofa a ɗauka. Gwaggo, muryarsa ko rawa ba ta yi ba.

Wani ya ja kofin shayinsa gefe, na gani ta kafar ƙyaure, ba zan ɓoye miki ba. Sai Hajja ta leƙo ta ce, Othman, ka manta wa yake riƙe kan aminin naka, marigayi mijina, in ya faɗi a masallaci? Ɗana ne wannan, mai magana ya yi da ni. Amm Othman ya yi dariya ya ce wa ya isa. Suka sa sharaɗi uku. Ba dafur a ɗakinsa, Hajja ce mai shayi. An cire sakatar ciki. Kuma in an idar da asuba ba a gan shi a sahu ba, duk wanda ya fi kusa ya tura ƙofa ba sallama.

Ba kowa ne ya saki jiki ba. Akwai maƙwabciyarmu da har yau take janye 'ya'yanta in ya wuce. Yana gani, yana yi kamar bai gani ba, ni ce abin yake ci.

Ranar Talatar nan abin ya zo masa da hantsi a bakin lungu, zai tafi shago. Ina wanki na ji ana Mastura, Mastura. Kafin in iso da kumfa a hannu, an riga an juya shi ta gefe, Amm Othman ya cire rawaninsa ya tura masa ƙarƙashin kai, mai kanti ya kori 'yan kallo, Hajja tana zaune a ƙasa tana masa fifita da murfin kwali. Ko ƙwarzane bai yi ba. Da ya buɗe ido ya ga mutane a kansa sai ya rufe fuska don kunya. Hajja ta ce tashi ya waladi, tashi ɗana, ka kwanta min a kan hanyar ciniki. Har shi sai da ya murmusa. Da azahar ya tafi aikinsa.

Gwaggo, labarin zai iso Madani, in bai zo yanzu ba zai zo da alhazai. Gara ki ji daga bakina. Na karya rantsuwar da na yi miki, na yi azumi uku na kaffara, amma in aka maido ni baya haka zan sake yi. In za ki yi fushi ki yi da ni, kar ki yi da shi.

Abu ɗaya nake roƙo. Hajja ta ce in tambaye ki, in ya farfaɗo me kike ba shi, kunu ko shayi? Akwai alamar da kike gani a fuskarsa kafin ta zo? Me kike ce masa ya daina jin kunya? Shekara goma sha tara ke kaɗai kika san waɗannan. Ki rubuto mana su duka, kar ki rage komai, akwai mutum wajen goma a nan da suke jiran su koya.

Taki har kullum,
Mastura