Fitilar da Kawu Bai Hura Ba

Zuwa ga Kawuna,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Yaya ƙirjin? Na rubuto ne don na san waya tana tayar maka da tari, kuma Inna ta ce in ka fara magana ba mai iya tsayar da kai.

Kawu, babbar fitilar rataye ta kammala. Wata bakwai ke nan tun kwanciyarka ina gaban tanderu ina hura gilashinta da bututu reshe-reshe. Rassan gilashi ɗari biyu da goma sha ɗaya ne, na sama launin zuma, suna saukowa suna komawa kore. Da muka jera su a jikin ƙarfen da zai riƙe su, sai da maƙerinmu ya cire katako biyu daga silin kafin ta samu wuri.

Jiya Mai Tabarau ya zo, mutumin nan mai tara aikin gilashi, wanda fitilunka huɗu ke rataye a gidansa. Ya zagaya ta sau uku, ya ce, "Tsohon nan bai taɓa yin irin wannan ba. Ki ce masa ina so, ya buga tambarinsa a gindinta." Na bar shi ya tafi yana zaton kai ka hura ta, kuma tun lokacin nake jin haushin kaina. In ya dawo zan gaya masa aikina ne.

Allah ya ƙara sauƙi.
'Yarka, Kumatu

*

Kumatu,

Na amsa gaisuwa. Ƙirji da sauƙi, muddin ban hau bene ba, ban yi dariya ba, ban yi faɗa da uwarki ba.

Ki saurare ni da kyau. Tambarina yana cikin gwangwanin da ke bayan almakasai. Ki ɗauka ki buga. Ba sata ba ce, ni na ba ki. Wa ya riƙe miki bututu ranar farko, kina hurawa kumatu kamar za su fashe? Abin da hannunki ya iya daga nawa ya fito. Masu tara irin waɗannan kaya suna suke saye, gilashin daga baya suke dubawa. Kuma mutum biyar ke ci daga shagon nan.

Akwai abin da ban gaya miki ba. Likita ya ce ni da bututu mun rabu ke nan har abada. Uwarki kaɗai ta sani. In kika ce aikinki ne, zai tambayi inda nake, kafin mako kowa ya ji cewa na ƙare. Ban shirya jin wannan a bakin mutane ba. Ki rufa mini asiri.

Allah ya yi miki albarka.
Kawunki

*

Zuwa ga Kawuna,

Ina gaishe ka, ina kuma neman gafara tun kafin ka karanta.

Wasiƙarka ta sa na zauna a kan buhun yashi ina kuka, har mai goge mana gilashi ta zaci ƙonewa na yi. Na ɗauko tambarin, na juya shi a hannu, na mayar da shi gwangwaninsa.

Mai Tabarau ya dawo ranar Talata. Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan fitilar ni na hura ta, daga farko har ƙarshe."

Ya cire tabarau ya dube ni. "Ina maigidan naki?"

Na ce, "Yana hutawa. Sauran bayani yana bakinsa."

Ya ce shi bai zo sayen aikin 'yan koyo ba. Raina ya ɓaci, amma na roƙe shi minti ashirin. Na ɗebo narkakken gilashi a bakin bututu, na hura, na juya, na ja shi da awartaki. Reshen ya suɓuce ya tarwatse dab da takalminsa. Na ɗebo wani. Na biyun ya fito yadda nake so, na ɗaga shi kusa da 'yan'uwansa. Ya daɗe yana kallo, ya ɗauki hoton fitilar, ya fita.

Ban zauna jiransa ba. Na je wurin wata mai zauren baje kolin kayan fasaha, ta yarda in rataye ta ranar Asabar, da sunana a ƙasa. In ba a saya ba, zan koma hura kofuna da kwalaben turare, ba wanda zai rasa aikinsa. Ciwonka kuma ban faɗa wa kowa ba. Amma Kawu, in na fara ɓuya a bayan sunanka, yaushe zan fito? Kai ma ba za ka so a riƙa yabonka da abin da ba ka yi ba.

Ka gaishe mini da Inna.
'Yarka, Kumatu

*

Kumatu,

Na gaishe ki, duk da kin ƙi jin magana.

Mai Tabarau ya zo har gida. Ya same ni da robar iska a hanci, don haka ɓoye-ɓoye ya ƙare. Ya miƙo mini hoton, ya ce in faɗa masa tsakani da Allah. Na daɗe ina kallo. Na ce masa shekara arba'in ina hura gilashi, ban taɓa iya sa zuma ta shiga kore haka ba tare da an ga gaɓa ba. Faɗin hakan ya fi maganin likita ɗaci. Ko zai saya, bai ce ba, ni ma ban tambaya ba.

Ranar Asabar ina tafe. Ki ce wa maƙerin ya ninka sarƙar, kada a rataye komai sai na ga ƙugiyar da idona. Ki ajiye mini kujera a sahun gaba, inda duk wanda ya shigo zai gan ni da robata.

Sai mun haɗu.
Kawunki